Cinikin sabuwar ƙaramar kat-kat a Yamai: inda kuɗi ke motsi da inda ba ya motsi

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne a Tawa. Ya fi shekara talatin yana loda buhunan albasar Galmi zuwa Abijan da Kumasi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci shi a ciniki ba. In aka ce masa buhu jika ashirin, sai ya yi murmushi ya taya sha ɗaya, ya gyara hula kamar zai wuce, har mai kaya ya kira shi da bakinsa. Da ya ƙudura sayen sabuwar mota, irin ƙananan kat-kat ɗin nan da suka cika titunan Yamai, sai ya ce in raka shi. Ciniki dai ba ni zan koya masa ba. Amfanina ɗaya, ina karanta Faransanci.

A gidan mota na farko, saurayin da ke tarbar masu saye ya zagaya da mu, ya buɗe ƙofofi, ya kunna kilim, sannan ya faɗi farashi. Kawu ya taya kashi biyu cikin uku. Saurayin bai ce albarka ba, bai kuma nuna ɓacin rai ba. Ya ce, "Alhaji, ko ni na yarda, kwamfuta ba za ta karɓa ba." Kawu ya miƙe ya nufi ƙofa yana jan ƙafa, yana sauraron kira. Shiru. Sai da muka fito rana ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga yaro na bai iya kasuwa ba, ko kuwa ni na?"

Dukansu sun iya. Kasuwar ce daban. Buhun albasa farashinsa a bakin mai shi yake, yau sama gobe ƙasa, kuma in ya kwana uku a rana ruɓewa zai yi, shi ya sa mai shi ke jin tsoron bayanka. Farashin sabuwar mota kuwa hawa-hawa ne, kuma mafi yawan hawan an riga an biya su kafin ka shigo. Wanda bai san wane hawa ne na mai sayarwa ba, zai ɓata yini yana tura bango.

Mu ƙaddara mota ta iso da ƙimar miliyan 10 na sefa, wato kuɗin sayenta da na jirgin ruwa da na inshorar hanya. Misali ne kawai don lissafi ya fito. Motocin shiga suna rukunin kashi 20 cikin ɗari a jadawalin kuɗin fito na bai ɗaya da ƙasashen yankinmu ke aiki da shi, ka ga miliyan 2 ke nan. Sannan harajin TVA, wanda a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari, kuma ba a kan miliyan 10 ake lissafa shi ba, a kan 12 ne, wato har kuɗin duwan ɗin ma ana yi masa haraji. Ya kama miliyan 2 da jika 280. Motar miliyan 10 ta zama ta miliyan 14 da jika 280 tun ba a sa ƙananan haraje-haraje ba, irin na ƙididdiga da na UEMOA, da rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka sa wa kayan waje a 2025. Ba a zo ga ladan mai fito ba, ba a zo ga hayar babbar motar da ta ɗauko ta daga bakin teku ba. Duk wannan, ko mai gidan motar ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ba zai iya yafe maka tamma ɗaya a ciki ba, don ba a aljihunsa ta kwana ba.

Hanyar ma ta sauya. Da, kayan Nijar ta Kwatano suke bi, su haura Parakou, su ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya, su biyo Doso su shigo Yamai, kilomita dubu da 'yan kai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar, kuma ko da CEDEAO ta janye takunkuminta a watan Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Sai kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki sun ƙaru, haya ta tashi. Saboda haka in mai mota ya ce maka "hanya ce ta yi tsada", gaskiya ya faɗa. Sai dai gaskiyar nan ta zame wa wasu rumfar fakewa, komai aka tambaya sai a ce hanya. Tambayar da ke kwance musu zani ita ce, wannan motar da muke tsaye a gabanta, yaushe ta shigo, kuma ta ina? Takardar duwan tana ɗauke da ranar.

Haka zancen "dala ta hau". Ba dalarmu ta tamma biyar ba, ta Amurka. Sefa a ɗaure take da Yuro tun 1999, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta gaba ba ta baya. Amma motar da aka sayo da dalar Amurka tana bin hawa da saukarta. A ƙarshen 2022 dala ta haura sefa 650, a tsakiyar 2025 kuma ta sauko ƙasa da 600. In dala ta hau, a ranar ake sanar da kai. In ta sauka, sai ka tuna musu.

To me ya rage? Ribar mai sayarwa, da kuɗin da yake kashewa kan motar tana ajiye. Nan kaɗai ciniki yake, kuma fili ne ƙarami in an gwada da jimlar kuɗin. Wanda ya shiga gidan sabuwar mota da niyyar zabge kashi ɗaya cikin uku, zai fita hannu rabbana. Wanda ya shiga neman 'yan kaso kaɗan cikin ɗari, ya kuma san inda zai danna, yakan samu. Kaso uku cikin ɗari na miliyan 20 jika 600 ne. Kawu ya ce wannan ai kuɗin buhu nawa ne, ya fara lissafi da yatsu, daga nan ya daina raina ƙaramin kaso.

Akwai wani wasa da haruffa da ya kamata kowa ya gane. A takardar farashi za ka ga HT, za ka ga TTC. Na farko farashi ne ba haraji, na biyu haraji a ciki. Wani zai faɗa maka na farko a waya don ka taso, sai ka zo ka tarar da kashi 19 na jiranka. A ragi ma haka. In aka rage maka jika 500 a kan HT, abin da ya sauka daga wuyanka jika 595 ne, domin harajin ma ya ragu. In kuwa aka ce an rage maka 595 a kan TTC, shi mai sayarwa 500 kawai ya bari. Ragi ɗaya ne, amma ya fi son ya faɗa maka babbar lambar don ka ji daɗi. Ni a ganina hanya mafi sauƙi ita ce a bar musu haruffansu, a tambayi abu guda: nawa zan ƙirga in fita da motar nan da lambarta, da kart giriz, takardar mallakar mota, da sunana, ba wanda zai sake ce mini kawo? Wannan adadin za a rubuta, a kansa za a yi ciniki, shi kuma za a ɗauka a kai gidan gaba.

Gidan gaba kuwa iri biyu ne a Yamai. Akwai wakilan kamfanoni, kamar CFAO da ke wakiltar Toyota, wanda shi kansa mallakin Toyota Tsusho ne na Japan. Akwai kuma 'yan kasuwa masu sayo sababbin motoci da kansu, yawanci daga Dubai, yanzu kuma har daga Sin, su jera su a fili a bakin titi. A wajen wakili farashi ya fi tauri, amma akwai garanti, galibi shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, akwai gareji da kayan gyara na asali. A filin 'yan kasuwa ciniki ya fi kama da wanda Kawu ya sani, akwai tayi, akwai albarka, akwai "ƙara dai Alhaji". Farashi kan fi sauƙi. Amma garantin, in ka matsa da tambaya, sau da yawa a wata ƙasa yake zaune, kai kuwa motarka a Tawa za ta lalace.

Kafin a gwada farashin gida biyu, sai an tabbata mota ɗaya ake magana a kai, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya. RAV4 ko Tucson ko Sportage ko Corolla Cross ko Grand Vitara, kowace tana da zubi daban-daban: girman inji, giya ta hannu ko mai sauya kanta, yawan jakunkunan iska na kariya, mai fetur zalla ko mai haɗi da lantarki. Babban abin dariya ma shi ne sunan da muke kiransu. Muna cewa kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu, alhali da yawansu ƙafafun gaba biyu kaɗai ke ja. Ga mai yawo tsakanin Plateau da Yantala wannan ba komai ba ne, har ya fi masa sauƙin mai. Ga wanda zai sauka daga kwalta ya shiga rairayin Abalak ko ya bi gonakin albasa da damina, magana ce babba. In wani ya fi wani araha da miliyan biyu, kafin ka yi murna leƙa ƙarƙashi ka ga ko akwai sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya.

Lambar shasi ma tana magana. Haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinsu ta gilashin gaba a ƙasa wajen direba. Farkonsu yana faɗin inda aka ƙera motar: J Japan, K Koriya, L Sin, MA Indiya, AH Afirka ta Kudu. Ba wai ta Indiya ko ta Sin ba ta da kyau ba ne. Amma wanda ya ce maka "'yar Japan ce" ya ɗora kuɗi a kan haka, ga shi kuma lambar ta fara da wani harafi, ya ba ka makamin ragi da hannunsa.

A wani fili da muka je, mai wurin ya rantse motar ba ta fi wata biyu da fitowa daga masana'anta ba. Ledar kujeru na nan, ƙanshin sabunta na nan. Na durƙusa gefen taya ina share ƙura da yatsa. A jikin kowace taya akwai rubutu mai farawa da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 3523 na nufin mako na 35 a 2023. Na wannan motar sun nuna kusan shekara biyu. Na miƙe na raɗa wa Kawu. Bai ce wa mutumin ya yi ƙarya ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Alhaji, amarya dai ta, amma ta daɗe ɗaki." Mai fili ya yi dariya, ya ce a kawo shayi, farashi ya fara saukowa.

Kuma ya cancanci ya sauko. Motar da ta shekara a tsaye a ranar Yamai, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, batirinta ya sha wuya, tayoyinta sun fara bushewa, robobin gilashi sun ji jiki, ƙurar hunturu ta shiga inda za ta shiga. Sabuwa ce a takarda, amma ba daidai take da wadda ta sauka makon jiya ba. Shi ma mai ita ya san kuɗinsa ne ke kwance, wataƙila ma na banki ne da ruwa ke hawa kansa. Albasarsa ke nan da ke ruɓewa, sai dai a hankali. Haka in kamfani ya fito da sabon zubi, kamar yadda Toyota ta nuna RAV4 zubi na shida a watan Mayun 2025, duk mai tsohon zubi a ajiye ya san kwanansa ya fara ƙarewa.

Abin da ba a ciniki a kansa shi ne takardun duwan. Arahar da ta wuce hankali, sau da yawa a nan asirinta yake: an rage ƙimar motar wajen fito, ko tana kan takardar wucewa zuwa wata ƙasa, ko an shigo da ita da sunan wata ƙungiya mai rangwamen haraji. Ranar da abin zai tashi, wanda aka samu da makulli a hannu shi za a tsare a shingen Doso ko na Ƙonni. A nemi takardar biyan duwan ta asali, a gwada lambar shasin da ke ciki da ta jikin mota harafi bayan harafi, in da hali a kai wa wani mai fito da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya duba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa har ƙwace mota takan jawo.

Sai dillali. Ba na cikin masu zaginsu, don akwai wanda ya san kowace mota da ke garin da ranar da ta shigo, kuma wannan sani yana da kuɗi. Abin lura shi ne la'adarsa daga ina za ta fito. In mai mota zai biya shi, to tana cikin farashin da aka faɗa maka, kuma duk lokacin da ya ce "Alhaji ka saya, wallahi ta faɗi", ka tuna wa yake wa aiki. Kawu ya yanke wannan tun a mota. Ya ce wa namu, "Ni ka biyanka, kuma abin da ka rage mini shi ka ƙara maka." Daga nan bakin dillalin ya juya.

Inda Kawu ya fi burge ni shi ne da ya gane cewa a gidan wakili, abin da ba a samu a farashi ba ana samunsa a gyara. Mai sayar da hatsi in ya ƙi ragi yakan ƙara maka tafi ɗaya a kan mudu. Su ma haka. Saurayin nan da kwamfutarsa ta ƙi tayi, da aka zo maganar bidanji, wato canjin man inji, uku na farko kyauta, da shimfiɗun ƙasa, da ƙarfen kare ƙarƙashin inji, da kuɗin lamba da kart giriz, da cikakkiyar tayar safaya maimakon 'yar siririyar nan da ba ta kai ka Dogon Dutsi, sai ga shi yana shiga ofishin maigidansa yana fitowa. Dalili a fili yake. Abin da za su sayar maka jika 300, su bai kai haka a hannunsu ba, kuma farashin da ke rubuce bai taɓu ba, ba wanda zai zo gobe ya ce a yi masa yadda aka yi wa Alhaji.

Amma gyara ma sai an auna ta da inda mutum yake zaune. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, ta Tsarnawa da Ƙonni da Dutsi da Doso. In sharaɗin garanti shi ne kowane bidanji a garejinsu za a yi, to bidanjin kyauta ya zama tafiyar kilomita 1,100 da kwana biyu a Yamai. Ko da litar fetur a sefa 499, farashin da gwamnati ta sa a watan Yulin 2024, man zuwa da dawowa ya kusa cinye kyautar. Mutumin Tawa ya tambaya tun kafin ya sa hannu: in na yi bidanji a garinmu da mai da matata na asali, na ajiye rasit, garantin na nan ko ya tashi? Amsar ta shiga takarda.

Tsohuwar mota da bashin banki, shawarata kada a bari su shiga ɗaki ɗaya da cinikin sabuwa. In ka ce a karɓi tsohuwarka a cika, mai sayarwa ya samu aljihu biyu, ya rage maka a nan ya danne ka a can, ka fita kana godiya. A gama farashin sabuwa tukuna, a rubuta, sannan a ce af, akwai wata tsohuwa. Banki kuma, ko na ruwa ne ko murabaha irin ta Banque Islamique du Niger, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da riba sananniya, duk a kan farashin da ka amince ake gina lissafi. Kuma kada a tsaya ga "nawa a wata", a tambayi jimlar abin da za a biya daga farko har ƙarshe, da kuɗin buɗe takardu da inshorar da bankin zai wajabta.

Lokaci yana taimakawa, ƙarshen wata ko ƙarshen shekara, sa'ad da masu sayarwa ke son cika adadin da aka ɗora musu. Amma bai kai takardar farashin wani gida ƙarfi ba. Juya baya irin na kasuwar albasa bai yi aiki ba a ranar farko saboda saurayin ya san ba inda za mu. Da muka koma rana ta uku da faktir biyu na wasu wurare a hannu, mota iri ɗaya, adadi na ƙarshe a rubuce da hatimi, Kawu bai ko miƙe ba. Ajiye su ya yi a kan tebur ya ci gaba da jan carbi.

Kafin alƙalami shi ne tarko na ƙarshe. Da zarar ka ba da shi, ƙarfinka ya koma hannunsu, musamman in motar ba ta iso ba, ana cewa tana Lome, tana hanya, tana Dori. Takardar oda ta ƙunshi lambar shasi in motar na nan, da launi, da zubi, da adadin ƙarshe, da ranar miƙa makulli, da abin da zai faru da kuɗinka in ranar ta wuce, da kowace gyara da aka yi alkawari, har shimfiɗar ƙasa. Kawu ya so ya biya da tsaba, kamar yadda ya saba. Na tuna masa babbar takardarmu jika goma ce, miliyan 20 takarda 2,000 ke nan a cikin jaka a tsakiyar Yamai, ga shi ta banki shaida na zama. Ya yi gunaguni ya yarda.

Ranar ɗauka, an wanke mota an ɗaura mata kyalle, saurayin yana miƙo makulli da hannu biyu. Kawu ya ce a dakata. Ya sa aka buɗe baya, aka ɗaga shimfiɗa, ya ce in durƙusa in karanta masa lambobin nan huɗu na jikin tayar safaya. Na karanta. Ya sa na gwada da na sauran huɗun, sannan ya karɓi makulli ya miƙa wa direbansa, ya ce a tsaya a sha mai kafin a fita gari, yana son a yi la'asar a Dogon Dutsi.